Idan ƙwallaye suka yi ta shiga raga, laifin 'yan baya ne? Tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jera wasanni tana shan kashi, magoya bayanta kan rabu gida biyu: wasu su ce a sallami 'yan baya, wasu su ce a kori koci. Kowane ɓangare yana da hujja, amma yana da kyau a auna hujjojin da abin da ke faruwa a fili.

Shin magoya baya suna da gaskiya idan suka ɗora laifi kan 'yan baya?

Suna da gaskiya cewa akwai matsala, sai dai sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ido ke kamawa idan aka maimaita hoton ƙwallon da ta shiga shi ne ɗan bayan da aka yanke ko golan da ya faɗi, alhali ɓarnar ta faro ne tun daƙiƙa goma kafin nan, lokacin da ɗan gaba ya bar mai riƙe da ƙwallo ya ɗaga kai ya zaɓi wanda zai ba, ko ɗan tsakiya ya zubar da ƙwallo ya ƙi biyo ta. Leicester City ta isa misali. A kakar 2015/16 da ta lashe gasar Firimiya ta Ingila, ƙwallo 36 kawai aka zura mata, kuma Wes Morgan da Robert Huth ne ke tsakiyar baya. A kakar da ta biyo baya, mutanen biyu suna nan, amma N'Golo Kanté da ke tare musu hanya a tsakiya ya koma Chelsea, sai ga ƙwallo 63 a ragar Leicester, har ta kai an sallami kocinta Claudio Ranieri a Fabrairun 2017. Ba tafiyar Kanté kaɗai ce sanadi ba, amma babu mai cewa Morgan da Huth sun manta tsaron gida cikin wata uku.

To me ya kamata mai kallo ya lura da shi?

Tazarar da ke tsakanin 'yan baya, 'yan tsakiya da 'yan gaba a lokacin da ƙwallo ke ƙafar abokan hamayya. Koci Arrigo Sacchi, wanda ya ci Kofin Turai da AC Milan a 1989 da 1990, ya shahara da dagewa cewa kada tazarar ɗan bayansa na ƙarshe da ɗan gabansa ta wuce kimanin mita 25. Ƙungiyar da ke cikin matsala kan miƙe kamar igiya: 'yan gaba suna can sama suna kora, 'yan baya sun ja da baya saboda tsoro, tsakiya ta zama fili fetal. A irin wannan hali ɗan baya yana tsakanin gaba kura baya sayaki, domin idan ya fito tarar mai ƙwallo ya bar rami a bayansa, idan ya tsaya kuma an samu damar buga masa daga nesa. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, shi ya sa wanda ke zaune a filin wasa ya fi mai kallo a gida ganin wannan cuta.

Me zai hana 'yan baya su koma kusa da ragarsu su huta da gudu?

Ana yin haka, kuma yana aiki ga ƙungiyar da ke da dogayen 'yan baya da ɗan gaba mai sauri. Amma matso da 'yan baya zuwa tsakiyar fili don kama abokan hamayya da satar gida ba ganganci ba ne, muddin ana matsa wa mai riƙe da ƙwallo. Haɗa biyun ne ke kashe ƙungiya, wato a matso sama a kuma bar mai ƙwallo ya wala.

Sauya tsarin wasa yana magance matsalar?

Wani lokaci. Bayan Arsenal ta doke Chelsea 3-0 a Satumban 2016, kocin Chelsea Antonio Conte ya koma tsarin 3-4-3, wato 'yan baya uku, 'yan tsakiya huɗu da 'yan gaba uku, ya sa Victor Moses da Marcos Alonso a gefe biyu suna kai hari suna dawowa tsaro. Chelsea ta ci wasa 13 a jere a gasar, shida na farko ba a zura mata ko ɗaya ba, ta kuma ɗauki kofin da maki 93. Sai dai ina jan hankalin masu kiran a ƙara ɗan baya na uku duk ranar da aka sha kashi: Conte yana da 'yan wasan da suka dace da tsarin, kuma a wannan kakar Chelsea ba ta cikin gasar Turai, don haka yana da mako guda cur na atisaye tsakanin yawancin wasanni. Kocin da ke sauya tsari kowane mako ruɗa 'yan wasansa kawai yake yi.

Magoya baya na fushi idan gola ya fara wasa da gajeren bugu daga gida. Fushin yana kan hanya?

A nan na fi ba su gaskiya. Tun 1992 doka ta hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, sannan a 2019 aka halatta wa 'yan baya karɓar bugun gola a cikin da'irar yadi 18. Sauye-sauyen biyu sun sa fara wasa daga gida ya zama ruwan dare, amfaninsa kuwa shi ne a jawo abokan hamayya su matso a samu fili a bayansu. Amma idan 'yan bayan ba su iya riƙe ƙwallo cikin matsi ba, kuma gwiwarsu ta riga ta yi sanyi, tilasta musu wannan salo kyautar ƙwallaye ce ga abokan hamayya. Kocin da ya ga haka sau uku bai sassauta ba ya cancanci suka.

A bugun kusurwa fa, tsare mutum ya fi ko tsare wuri?

A tsare mutum kowa abokin hamayya ɗaya yake bi, a tsare wuri kuwa kowa yanki ɗaya yake gadi. Kowanne yana da rauni, kuma yawancin manyan ƙungiyoyi haɗa su suke yi. Tsare wuri ya fi shan zagi ne saboda idan ƙwallo ta shiga babu mutum guda da za a nuna wa yatsa.

Yaushe ne za a yarda cewa 'yan wasan ne ba su kai ba?

Idan aka sauya koci da tsari amma ƙwallayen ba su ragu ba. Derby County ta maye gurbin kocinta Billy Davies da Paul Jewell a Nuwamban 2007, duk da haka ta gama kakar da maki 11, nasara ɗaya tak da ƙwallo 89 a ragarta, kuma nasarar ma tun zamanin Davies aka same ta. Sheffield United ta dawo da koci Chris Wilder a Disamban 2023, ta kuma faɗa ƙaramar gasa da ƙwallo 104 a raga. A irin waɗannan kakanni, shugabannin da suka sayi 'yan wasan ne ya kamata magoya baya su fara tuhuma.