Walimar Kirsimeti a Wurin Aiki: Abin da Take Ci da Abin da Take Sayowa

Da zarar Disamba ya kama, ofisoshi da kamfanoni a Birtaniya, Jamus, Amurka da wasu ƙasashe da dama sukan tara ma'aikatansu wuri guda, a ci, a sha, a yi rawa. Kowace shekara kuma sai gardamar ta dawo: asarar kuɗi ce, ko akwai abin da ake samu?

Ina kuɗin suke tafiya?

Abin da ido ke gani shi ne hayar zaure, abinci, abin sha da mai kiɗa. Abin sha ne ya fi wuyar ƙiyastawa, musamman idan kamfani ya ce kowa ya sha iya son ransa. Sannan akwai motocin da za su mai da mutane gida cikin dare, da ɗakunan otal ga waɗanda suka zo daga rassa masu nisa. Disamba kuma lokaci ne da kowa ke neman zaure a makonni biyu ko uku rak, don haka masu zauren su ke yanka farashi.

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a rasit. Wani ma'aikaci ne zai bar aikinsa ya yi makonni yana waya da masu abinci, yana tattara sunaye, yana tambayar wa ke cin nama wa ba ya ci. Galibi ba a biyansa komai a kan wannan. Washegarin walima kuma aiki kan yi tafiyar hawainiya. Shi ma ma'aikacin da aka gayyata kyauta yakan kashe nasa: sabuwar sutura, mai zama da yara, kyautar da ake musaya tsakanin abokan aiki.

Me ya sa ake yawan ambaton fam 150 idan ana maganar Birtaniya?

Saboda haraji. A ƙa'idar Birtaniya, abin da kamfani ya kashe wa ma'aikaci don jin daɗinsa ana iya lissafa shi kamar wani ɓangare na albashi, a caji haraji a kai. Amma an keɓe walimar shekara-shekara, muddin ƙofa a buɗe take ga dukan ma'aikata, kuma abin da aka kashe bai wuce fam 150 a kan kowane mutum ba. Lissafin ya haɗa da harajin kayayyaki, kuɗin mota da na masauki.

Tarkon yana nan: fam 150 ɗin iyaka ce, ba rangwame ba. Idan aka haura ko da fam ɗaya, duka kuɗin ne ke shiga haraji, ba rarar kaɗai ba. Kuma ana raba jimillar kuɗin ne da adadin waɗanda suka halarta, ba waɗanda aka gayyata ba. A ɗauka kamfani ya shirya wa mutum 40, ya biya fam 4,800, wato fam 120 kowane kai. Ranar walima mura ta kwantar da wasu, wasu suka fasa, mutum 30 suka zo. Yanzu kowane kai ya koma fam 160, an faɗa rami ke nan ba tare da an ƙara kashe ko sisi ba. Haka nan idan kamfani ya yi walima biyu a shekara, ta bazara fam 100, ta Kirsimeti fam 80, ɗaya ce kawai za ta tsira daga haraji, domin jimillarsu, fam 180, ta haura iyakar.

Tun 2003 wannan adadi yake a fam 150, bai motsa ba, alhali farashin komai ya tashi. Abin da a da yake isa a yi shagali na kece raini, yau sai an yi tsimi.

Sauran ƙasashe fa?

Jamus ta fi sassauci. Tun 2015 ana yafe haraji a kan Yuro 110 ga kowane ma'aikaci, har taro biyu a shekara, kuma abin da ya haura ne kawai ake caja. A Amurka, gyaran dokar haraji na 2017 ya soke cire kuɗin nishaɗantar da abokan ciniki daga lissafin haraji, amma ya bar walimar ma'aikata, ana cire kuɗinta baki ɗaya idan an yi ta don ma'aikata gaba ɗaya, ba don manya kaɗai ba. A lura da abin da dokokin suka haɗu a kai: gwamnati tana ɗaga ƙafa ne idan taron na kowa ne.

Ba gara a raba wa ma'aikata kuɗin ba?

Wannan tambaya tana da nauyi, kuma masana tattalin arziki suna tare da mai yin ta. A 1993 Joel Waldfogel, yana koyarwa a Jami'ar Yale, ya tambayi ɗalibansa nawa za su biya da kansu a kan kyaututtukan da aka ba su. Ya ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 cikin ɗari zuwa sulusin darajar kyauta kan salwanta, domin mai bayarwa bai san abin da mai karɓa ke so kamar yadda shi ya sani ba. Walima ma kyauta ce da wani ya zaɓa maka. Ga mai ƙaramin albashi da ke lissafin kuɗin haya da na wuta a tsakiyar hunturu, fam 100 a aljihu ya fi farantin abinci a otal.

Sai dai lissafin bai tsaya nan ba. Kuɗin hannu albashi ne, haraji zai ci rabonsa kafin ya iso, yayin da walima ke wucewa lami lafiya. Kuma kuɗin da aka zuba cikin albashin Disamba yakan narke cikin hidimomin wata, zuwa Fabrairu ba mai tuna shi. A ganina, inda albashi ya yi ƙasa har mutane suna kokawa, kuɗi ya fi. Inda albashi ya wadatar, ƙarin ɗan abin ba zai canza komai ba, a nan ne walima ke da abin cewa.

To, me walimar take sayowa?

Sanayya. A babban kamfani, mutumin sashen kuɗi da na sashen tallace-tallace suna iya shekara suna musayar saƙon imel mai zafi ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Sa'a biyu a teburi ɗaya takan sa a watan Janairu ɗaya ya ɗauki waya ya kira ɗayan maimakon ya kai ƙara wurin shugaba. Tun bayan annobar korona, da aiki daga gida ya yawaita, akwai ma'aikatan da wannan ne kusan kawai lokacin da suke haɗuwa da abokan aikinsu ido da ido. Sabon ma'aikaci kuma a nan yake gane wane ne wane.

Abu na biyu shi ne godiya a bainar jama'a. Shugaban da ya miƙe ya ambaci sunan mai tsaron ƙofa da abin da ya yi a shekarar, ya ba da abin da ba ya cikin takardar albashi.

Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin da ya shekara yana hana ƙarin albashi, yana tsare mutane har dare, ba zai wanke kansa da daren rawa ɗaya ba. Ma'aikata sun iya lissafi. Suna kallon fitilu da furanni suna auna su da abin da aka ce musu babu kuɗin yi. Walima tana ƙara armashin abin da yake akwai ne, ko zumunci ko ƙullaci. Kuma a faɗi gaskiya, ribar da take kawowa ba ta aunuwa da alƙalami, don haka duk wanda ya zo maka da adadi tsaf na ribar walima, ka tambaye shi ko yana da zauren haya.

Idan abu ya ɓaci a wurin, wa zai ɗauki alhaki?

Sau da yawa kamfani, domin a idon doka walimar ofis tana iya zama ci gaban wurin aiki. Shari'ar da lauyoyin Birtaniya ke yawan kafa hujja da ita ta taso ne daga wani kamfanin samar da ma'aikata na Northampton. A Disamban 2011, bayan an tashi daga walima, wasu suka wuce otal suka ci gaba da sha. Wajen ƙarfe uku na dare gardama ta kaure kan harkar aiki, shugaban kamfanin ya naushi wani manajansa, ya faɗi, ya samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Babbar kotu ta ce ba ruwan kamfani, an riga an tashi daga walima. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin: mutumin yana nuna ikonsa na shugaba ne lokacin da ya kai naushin, saboda haka kamfani zai biya.

Daga 26 ga Oktoban 2024 kuma doka ta ɗora wa masu ɗaukar aiki a Birtaniya nauyin ɗaukar matakan hana cin zarafin jinsi tun kafin ya auku, kuma kotun ma'aikata na iya ƙara diyya har da kashi 25 cikin ɗari idan suka yi sakaci. Giya kyauta, dare ya tsala, manya da ƙanana a cakuɗe: duk wanda ya san ofis ya san inda haɗarin yake. Ƙara guda ɗaya tana iya cinye kuɗin walimar shekaru masu yawa.

Wanda ba Kirista ba fa, ko wanda ba ya shan giya?

A nan ne ake gane ko an yi tunani. Ofisoshin yau cike suke da Musulmi, Yahudawa, 'yan Hindu, marasa addini, masu ciki, da waɗanda suka sha fama kafin su rabu da kwalba. Idan walima ta kasance a mashaya, ƙarfe tara na dare, abin sha ɗaya tilo ga wanda ba ya shan giya shi ne ruwan lemo, to an gayyace shi da baki an kore shi da hali. Shi ya sa kamfanoni da yawa, musamman a Amurka, suke kiranta walimar hutu ko ta ƙarshen shekara. Sauya suna kaɗai ba ya gyara komai. Abin da ke gyarawa shi ne lokaci da wuri: cin abincin rana a cikin sa'o'in aiki yana buɗe ƙofa ga mai ƙananan yara da mai nisan gida, ya rage sha, ya rage kuɗi. Masu aikin dare da masu shara, waɗanda sau da yawa ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke su, su ne aka fi mantawa da su.

Halarta kuma kada ta zama dole. Idan shugaba yana ƙirga waɗanda ba su zo ba, to aiki ne, sai a biya ladansa.

Kamfanin da ke cikin matsi ya soke ta ke nan?

Idan an sallami ma'aikata a Nuwamba, babban shagali a Disamba cin fuska ne ga waɗanda suka tafi da waɗanda suka saura. Amma sokewa shiru ba bayani ita ma saƙo ce, mutane za su fara raɗe-raɗin cewa kamfani ya kusa durƙushewa. Mafita ita ce a faɗa musu halin da ake ciki, a ajiye musu adadin da ake da shi, a bar su su zaɓa: ƙaramin cin abinci tare, rabin yini na hutu, ko katin sayayya. A Birtaniya ƙaramar kyauta da ba ta wuce fam 50 ba, idan ba tsabar kuɗi ba ce kuma ba ladan aiki ba, ita ma haraji ba ya taɓa ta. Wasu kamfanonin kuma sukan ɗage taron zuwa Janairu, lokacin da zaurukan suke zaune babu kowa, masu su suna neman wanda zai taya.