Baƙi a Garuruwan Gefen Biranen Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Ba cikin manyan birane baƙi ke sauka ba idan sun isa Amurka?

A da haka abin yake. Italiyawa da Yahudawan gabashin Turai da mutanen Sin sun cunkusa ne a tsakiyar New York da Chicago da San Francisco, garuruwan gefen birni kuwa na fararen fata ne. Lokacin da aka fara gina Levittown kusa da New York a 1947, takardar gidan da kanta ta hana wanda ba farar fata ba zama a ciki, sai in ɗan aikin gida ne. A 1948 Kotun Ƙoli ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, a 1968 kuma aka kafa dokar hana wariya a haya da sayen gida. Tsakanin waɗannan biyu, dokar shige da fice ta 1965 ta soke tsarin kason da ke fifita Turawan arewa, ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya da Afirka. Zuwa 2010, binciken cibiyar Brookings ya nuna cewa fiye da rabin baƙin da ke yankunan manyan birane a gefe suke zaune. Da yawa daga filin jirgi can suke wucewa kai tsaye.

Me ke jan su can?

Makaranta ce kan gaba. Adireshin gida ne ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Shi ya sa za ka ga iyali sun matse a ɗaki biyu a gari mai tsada don 'ya'yansu su sami makaranta mai kyau. Sai aiki, domin asibitoci da rumbunan kaya da kamfanonin kwamfuta da dama sun koma bakin manyan tituna. Sauran kuma ɗan'uwa ne ke jawo ɗan'uwa.

Kada dai a ɗauka ko'ina a gefen birni wadata ce. Akwai tsofaffin gidajen haya da farare suka bari, irin na Clarkston kusa da Atlanta, inda hukumomin tsugunar da 'yan gudun hijira suka riƙa ajiye mutanen Somaliya da Sudan da Butan da Bama, saboda haya na da sauƙi kuma akwai mota zuwa birni.

Su wa ke ina?

Monterey Park da ke gabas da Los Angeles ta cika da mutanen Taiwan da Hong Kong tun shekarun 1970, a ƙidayar 1990 'yan Asiya suka zama mafi rinjaye. Indiyawa sun kama Edison da Iselin a New Jersey, titin Oak Tree cike yake da shagunan gwal da atamfarsu. Dearborn, gefen Detroit, masana'antar motocin Ford ce ta jawo mata 'yan Labanon da Yaman, daga baya 'yan Iraƙi, a ƙidayar 2020 sun haura rabin garin. Habashawa na Silver Spring a Maryland, 'yan Laberiya na Brooklyn Park a Minnesota. 'Yan Najeriya sun yi yawa a gundumar Prince George's ta Maryland da kudu maso yammacin Houston, wajen Sugar Land da Missouri City. Masu jin Hausa ba su da gari nasu guda: 'yan zangon Gana sun fi taruwa a Bronx cikin New York, akwai 'yan Nijar a Greensboro ta North Carolina, 'yan arewacin Najeriya kuwa a warwatse suke, sai taron ƙungiyoyi irin su Zumunta ke haɗa su.

To waɗannan wurare kamar zango ne?

A nan ne babban bambancin yake. A zangon Kumasi kana fitowa ƙofar gida ka ji harshenka, masallaci da mahauci da makarantar allo duk da ƙafa ake zuwa, yaro na shan al'ada ba tare da wani ya tsara masa ba. Gefen birnin Amurka kuwa an yanka shi ne bisa doka: nan gidaje zalla, can shaguna zalla. Maƙwabcinka na dama ɗan Koriya, na hagu ɗan Meziko, ɗan garinku kuma tafiyar rabin sa'a a mota. Saboda haka komai na al'ada sai an sa masa rana, an kama zaure, an zuba wa mota mai. Suna da biki da ta'aziyya akan kai su Asabar ko Lahadi, ta WhatsApp ake sanarwa. Cibiyar jama'a takan zama jerin shagunan bakin titi, inda mai sayar da garin rogo da daddawa ke kusa da mai aski da mai aika kuɗi gida.

Waɗanda wannan tsari ya fi cuta su ne tsofaffi da matan da ba su tuƙi. Kakar da aka ɗauko daga gida don renon jika tana iya yin mako ba ta yi hira da kowa ba sai 'yan gidan. Lasisin tuƙi da mota ta biyu ba kayan alatu ba ne a irin wannan zama.

Idan jama'a na son masallaci ko coci, yaya ake yi?

Yawanci da haya ake farawa: ɗakin otal don Juma'a, ko zauren makaranta ran Lahadi. Matsala na tasowa ne a wajen saye. Kowane ƙaramin gari na da majalisarsa da hukumar tsara filaye, kuma dokar gari ɗaya ba ta ɗaya ba ce. Kafin a biya ko sisi, a duba ko an yarda da wurin ibada a wannan yanki kai tsaye, ko sai da izini na musamman. In sai da izini, a rubuta cikin yarjejeniyar saye cewa ciniki bai faɗa ba sai izinin ya fito. Daga nan injiniya ya zana filin, a yi nazarin cunkoson motoci da magudanar ruwa, jami'in kashe gobara ya ƙayyade yawan mutanen da ginin zai ɗauka, a aika wa maƙwabta takarda, sannan a yi zaman jin ra'ayin jama'a.

Abin da ya fi kayar da buƙata shi ne wurin ajiye motoci. A Bernards Township ta New Jersey, ƙa'idar coci ita ce gurbin mota ɗaya ga kujera uku, wato gurbi 50 ga masallata 150, amma hukuma ta ce masallaci sai 107. An yi zama 39 cikin kusan shekara huɗu, aka ƙi a Disamba 2015. Kotun tarayya ta ce wariya ce, a 2017 garin ya yarda ya biya dala miliyan 3.25. Makamin da aka yi amfani da shi dokar tarayya ce ta 2000, wadda ta hana ƙananan hukumomi tsananta wa wurin ibada fiye da sauran wuraren taro. Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowane ƙorafi ne ƙiyayya ba. Wanda aka tare masa ƙofar gareji kowace Juma'a yana da hujja, kuma raba sallar kashi biyu da sa masu jera motoci na kashe rabin rigimar.

Kiran salla da lasifika sai inda aka yarda: Hamtramck ta yankin Detroit tun 2004, Minneapolis ta amince da duka biyar a 2023.

A cikin gida fa, wace al'ada ce ke karo da doka?

Yawan jama'a. Garuruwa na iyakance mutanen da za su kwana a gida, ma'aunin da aka fi bi shi ne mutum biyu a kowane ɗakin kwana, wasu kuma na ƙayyade adadin waɗanda ba dangi ba. Manassas ta Virginia ta taɓa taƙaita ma'anar iyali a 2005 yadda ɗan ƙane ko ɗan'uwan uba ke iya zama bare, aka yi ca a kanta, ta janye. Kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa marar tagar tsira laifi ne, kuma haɗari ne idan gobara ta tashi.

Sai ƙungiyar masu gidajen unguwa, wadda ke da ikon cin tara kan ciyawar da ta yi tsawo, shanya a waje, ko motar aiki a ƙofar gida. A karanta kundinta kafin a sa hannu. Ragon layya ba a yanka shi a bayan gida a yawancin garuruwa, gona ko mayanka mai lasisi ake zuwa, kuma a kama layi da wuri. Kilishi da dambun nama daga gida kwastan na ƙwacewa, wanda ya ɓoye kuma ga tara. Dukan yaro ma a yi hattara: doka ta wajabta wa malami da likita kai rahoto idan sun ga tabo. Wanda aka hana gida saboda launi, addini ko ƙasarsa yana da shekara ɗaya ya kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya.

Yara na riƙe harshen iyayensu?

Da wuya. Abin da masana suka daɗe suna gani shi ne iyaye na magana, 'ya'ya na ji amma su amsa da Turanci, jikoki kuma shiru. A gefen birni abin ya fi sauri, don babu abokan wasa masu harshen. Kuskuren da aka fi yi shi ne iyaye su koma Turanci a gida wai don kada yaro ya ruɗe, alhali makaranta da talabijin sun ishe shi Turanci. Abin da ke aiki shi ne harshen gida a kullum, dogon hutu a wajen kakanni, da ajin ƙarshen mako. Sinawa da Koriyawa sun yi nisa a wannan, namu ajin kuwa yakan tsaya ga karatun Alƙur'ani da Larabci, Hausa ko Fulatanci ba su da gurbi.

Wajen rajista makaranta za ta tambayi harshen da ake yi a gida. Amsar na iya sa a yi wa yaro gwajin Turanci, in ya ci shi ke nan, in bai ci ba a ba shi ƙarin darasi, haƙƙin da hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 ya tabbatar. Hukuncin 1982 kuma ya hana korar yaro saboda ba shi da takardun zama.

Ta yaya wasu suka samu hutun Salla da abincin halal a makarantu?

Ta halartar taron hukumar makarantu, inda kowa ke da 'yan mintuna ya yi magana ko da ba ɗan ƙasa ba ne. Gundumar Montgomery ta Maryland ta fara rufe aji ranar Babbar Salla a 2016 bayan shekaru ana kai gwauro ana kai mari. Zaɓen waɗannan kujeru mutane kaɗan ke fitowa, don haka ƙuri'u ɗari-ɗari na sauya sakamako. Monterey Park da majalisarta ta goyi bayan Turanci zalla a 1986, bayan shekara biyu ta zaɓi Judy Chu, 'yar asalin Sin, cikin majalisar garin, wadda daga baya ta tafi majalisar tarayya. Dearborn da Orville Hubbard, mai ra'ayin wariya, ya mulka fiye da shekara 30, ta zaɓi Abdullah Hammoud magajin gari a 2021.

Gargaɗi ga mai katin zama: kada ya yi rajistar zaɓe, ko da an miƙo masa takardar a ofishin lasisin tuƙi. Ban da 'yan garuruwa irin su Takoma Park da suka yarda baƙi su jefa ƙuri'a a zaɓen gari kaɗai, yin hakan na iya hana shi zama ɗan ƙasa, har ma ya jawo a mayar da shi gida.