Mece ce musayar lasisin haƙƙin ƙirƙira a masana'antar kwamfuta?

Musayar lasisi yarjejeniya ce da kamfanoni ke ƙullawa, kowa ya ba ɗan'uwansa izinin amfani da fasahar da ya yi wa rajista. Haƙƙin ƙirƙira (patent), wato kariyar da wannan rajista ke bayarwa, yakan kai shekara 20 daga ranar shigar da takarda, kuma kwamfuta guda tana ƙunshe da dubbansu, na kamfanoni barkatai. Da wuya ka ƙera wani abu ba ka taka haƙƙin wani ba. Sai a koma ba ni gishiri in ba ka manda: kada ka kai ni kotu, ni ma ba zan kai ka ba. Idan tarin haƙƙoƙin wani ya fi nauyi, ɗayan ya yi ciko da kuɗi. A 2011 Intel ya amince ya biya Nvidia dala biliyan 1.5 a irin wannan yarjejeniya.

A ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idar bai-ɗaya, irin su JEDEC mai kula da RAM (ma'ajiyar wucin-gadi ta kwamfuta), da PCI-SIG da USB-IF masu kula da hanyoyin haɗa na'urori, abin ya fi tsari. Galibi mamba zai bayyana haƙƙin da ya san ya shafi ƙa'idar kafin a amince da ita, sannan ya yi alƙawarin ba da lasisi, ko kyauta ko a farashi mai adalci ba tare da fifita kowa ba, wato sharaɗin da ake kira RAND. Wanda ya karɓa, shi ma dole ya buɗe nasa.

Ga inda mutane ke tuntuɓe: alƙawarin ya tsaya kan haƙƙoƙin da ba yadda za a bi ƙa'idar sai da su. Dabarar da ta sa na'urar wani ta fi sauri ko ta rage cin batir ba ta ciki, wannan ciniki ne daban. Kuma "farashi mai adalci" ba wanda ya yanke adadinsa, shi ya sa shari'a ba ta ƙarewa.

USB 2.0 ya bi hanyar kyauta tsakanin waɗanda suka sa hannu. FireWire kuwa, wata hanyar haɗa na'urori mai kama da USB, a 1999 Apple ya nemi dala 1 kan kowace kafar jona waya, daga baya aka sauko zuwa santi 25 kan kowace na'ura. Kuɗin kaɗan ne a ido, amma ga mai ƙera miliyoyi ba wasa ba ne.

Tsarin yana aiki ne saboda kowa na da kayan da za a iya kai shi ƙara a kansu. Kamfanin da lasisi ne sana'arsa ba ya jin wannan tsoron, tunda ba kaya yake ƙerawa ba. Misali, kamfanin Rambus ya zauna a JEDEC ana tsara SDRAM, wani nau'in RAM, ya fice a 1996, daga baya ya nemi kuɗi daga masu ƙera RAM. Hukumar FTC mai kula da gasar kasuwanci a Amurka ta ce ya ɓoye wa JEDEC haƙƙoƙinsa, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2008.