Sinadaran jini masu nuna haɗarin daskarewa ga majinyata masu tsananin jinya

Waɗannan sinadarai ne da ake aunawa a jinin majinyacin da ke kwance a sashen kulawa ta musamman, don a ƙiyasta ko gudan jini na neman toshe masa jijiya. Wasunsu enzayim ne, wato furotin masu hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, kamar LDH da ADAMTS13. Wasu kuwa ɓurɓushin aikin enzayim ne, kamar D-dimer.

Tarihi

A wajajen 1856 likitan Jamus Rudolf Virchow ya nuna cewa gudan jinin da ya daskare a jijiyar ƙafa kan ɓalle, ya bi jini har ya toshe huhu. Abubuwa uku masu jawo gudan jini da ake jingina masa, wato tsayawar jini, raunin bangon jijiya da jini mai saurin daskarewa, wasu ne suka haɗa su da sunansa bayan rasuwarsa. Mutumin da ya daɗe kwance a kan na'urar numfashi yakan tara duka ukun.

A 1924 likita Eli Moschcowitz ya bayyana cutar wata yarinya 'yar shekara 16 a New York, wadda ƙananan gudaji suka toshe mata jijiyoyi. Sai a 2001 aka tantance ADAMTS13, enzayim ɗin da ƙarancinsa ke jawo cutar. D-dimer kuwa an gano shi a farkon shekarun 1970, amma bai shiga asibitoci sosai ba sai wajen shekarun 1990.

D-dimer

Enzayim ɗin trombin ne ke mayar da fibrinojen, wani furotin da ke cikin jini, ya zama zaren da ke ɗaure gudan jini, enzayim ɗin plasmin kuma ya zo ya yayyanka zaren. D-dimer yana cikin guntayen. Ma'aunin da aka fi bi shi ne nanogiram 500 a kowace mililita. Abin da ya gaza haka yakan kawar da zargin toshewa. Sai dai tiyata, juna biyu, cutar kansa, tsufa da cutar da ta bazu a jini duk suna ɗaga shi, don haka kusan kowa a sashen kulawa ta musamman nasa a sama yake. A 2020 binciken majinyata 191 masu korona a Wuhan ya alaƙanta D-dimer sama da nanogiram 1,000 a kowace mililita da yawan mace-mace.

LDH

Yana tsiyayowa daga duk ƙwayar halittar da ta lalace, amma ba ya nuna inda ɓarnar take. Masu sikila nasu kan zauna a sama ko suna cikin ƙoshin lafiya.

Saɓani

Likitoci ba su daidaita ba kan ƙara yawan heparin, maganin hana daskarewar jini, saboda hawan D-dimer kaɗai. Tabbatar da toshewa aikin sikanin ne.