Jerin jimlar Turanci bai yi nisa da na Hausa ba

An daɗe ana gaya wa yaranmu a Jidda da Makka cewa Turanci a juye yake, sai mutum ya kife tunaninsa kafin ya haɗa jimla. Wannan magana tana damuna, don ba haka ba ne.

Ruɗanin ya samo asali ne daga nahawun Larabci da suka koya a makaranta, inda aikatau, wato kalmar aiki, kan zo a farko: "Ishtara Musa tamran", kamar a ce "sayi Musa dabino." Turanci kuwa mai aikatawa yake farawa da shi, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa: "Musa bought dates." To, ai haka muke faɗa a gida: Musa ya sayi dabino. Har siffa ma, farar riga ita ce "white shirt", fari a gaba, alhali Larabci baya yake kai shi.

Na ga ɗiyar ƙanwata tana ta goge layi ɗaya har takardar ta huje. Na ce mata, ɗiyata, faɗa min da Hausa tukuna. Nan take ta rubuta daidai.

Inda ake tuntuɓe shi ne "ne" da "ce". Mu a ƙarshe muke sa su, Ali malami ne, Turanci kuwa a tsakiya yake ajiye nasa: "Ali is a teacher."