Wai mene ne "nauyi" a cikin datar binciken matasa?

Ranar wata Talata da sanyin nan na Disamba, irin wanda ko yatsu ba sa son taɓa kibod, wata ɗaliba ta shigo shagonmu da ke ta wajen Bauchi Road a Jos rungume da laftof, fuskarta kamar za ta yi kuka. Furojet ɗinta kan haihuwar 'yan mata masu ƙananan shekaru ne, ta yi rajista ta sauke datar NDHS ta 2018, wato babban binciken lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ta zuba a SPSS, manhajar lissafin data, ta danna, amma lissafinta ya ƙi zuwa daidai da na rahoton. Rahoto ya ce kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari, ita kuma nata ya kauce. Ta ce "Yaya don Allah duba min, ko SPSS ɗina ne ya lalace, sau uku ina sake shi." Na ce ƙanwata kin sa nauyi? Ta dube ni ta ce nauyin me kuma.

To wannan nauyin nake so mu tattauna, don kusan duk wanda ya kawo min irin wannan data sai mun yi wannan rigimar da shi.

Idan ka buɗe fayil ɗin irin waɗannan manyan bincike za ka ga wani layi na tsaye da ba amsar kowace tambaya ba ce, ba shekaru ba, ba jinsi ba, wasu lambobi ne kawai masu ban haushi. A wata datar an rubuta weight a kansa, a NDHS kuwa na mata sunansa v005. Shi ne nauyi. Ma'anarsa a taƙaice, wannan yaron da ya cike fom, mutum nawa yake wakilta a cikin jama'a. Wani muryarsa ta mutum 4 ce, wani ta mutum 20, kuma idan ka ƙirga su ɗaya-ɗaya kamar kana ƙirga buhunan dankali a Farin Gada to ka yi wa wani ɓangare rashin adalci.

Bari in kawo misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don a gane, kar wani ya kwafa ya ce bincike ne. A ce makarantu biyu ne kacal a gari. Ta farko babba ce mai ɗalibai 1,000, ta biyu ƙarama mai 200. Mai bincike ya ɗauki yara 50 a nan, 50 a can, ya tambaye su ko sun sha shisha a cikin kwana 30 da suka wuce. A babbar makaranta 5 suka ce e, a ƙaramar 20 suka ce e. Wanda bai san nauyi ba zai ce 25 cikin 100, shikenan kashi 25, ya rubuta a babi na huɗu ya tafi. Amma kowane yaro na babbar makaranta yana tsaye ne a madadin mutum 20, na ƙaramar kuma mutum 4. Sai ka ce 5 sau 20, 100 kenan, 20 sau 4 kuma 80, ka haɗa 180 cikin ɗalibai 1,200. Kashi 15 kenan fa, ba 25 ba. Ka ga yara ɗaya, amsa ɗaya, ba wanda ya yi ƙarya, amma an kusa ninka matsalar don kawai ƙaramar makaranta ta samu kujeru fiye da girmanta.

Wani zai ce to me ya sa tun farko ba za a ɗauka daidai da girma ba a huta. Da gangan ake yi. Ɗauki NDHS ɗin nan, mata 41,821 aka yi wa tambayoyi a 2018, kuma ana so kowace jiha ta samu adadin da za a iya faɗin wani abu a kanta. In aka bi yawan jama'a zalla, Kano da Legas za su cinye komai, jiha kamar Bayelsa ta tashi da 'yan tsiraru. Don haka sai a ƙara wa ƙananan jihohi mutane, in an zo lissafin ƙasa baki ɗaya nauyi ya mayar da kowa matsayinsa. Haka ma a Amurka, akwai binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC take yi tun 1991 duk bayan shekara biyu, YRBS, kan 'yan sakandare na aji 9 zuwa 12, suna tambaya kan taba, giya da ƙwayoyi, faɗa da ɗaukar makami, jima'i, abinci, motsa jiki. Su ma da gangan suke ƙara yawan ɗalibai baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka a cikin waɗanda suke ɗauka. A na 2019 fom 13,677 ne suka yi amfani da su, daga nan aka ce kashi 32.7 na ɗaliban suna zuƙar sigarin lantarki, sigari na gargajiya kuwa kashi 6 ne. Wannan 32.7 ɗin lissafi ne mai nauyi, in ka sauke datar kyauta ka danna haka nan ba za ka same shi cif ba. Sannan nauyin yana ɗauke da gyara na waɗanda ba su amsa ba, makarantar da ta ƙi yarda, da yaran da ba su zo ranar ba.

Na koma kan ƙanwar tamu. Na ce ta ƙirƙiri sabon layi, ta raba v005 da 1,000,000, domin haka masu wannan binciken suke ajiye shi, ba ɗigo a ciki. Na taɓa ganin wanda ya manta wannan rabawar, SPSS ya nuna masa mata biliyoyi, sun fi mutanen duniya yawa, shi kuma bai ko lura ba sai da sufabaiza ya zagaye wurin da jan biro. Ta raba, ta shiga Data ta zaɓi Weight Cases, ta sake dannawa, sai ga lissafi ya matso inda rahoto yake. Har ta fara rufe laftof tana godiya na ce zauna tukuna, rabin aikin kika yi.

Don nauyi ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana da 'yan rakiya biyu, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai suke faɗawa rami. Masu bincike ba sa tsintar yara ɗaɗɗaya daga ko'ina, tsadar ta yi yawa. Gungu-gungu suke ɗauka, a zaɓi yanki, a cikin yankin a zaɓi makaranta, a cikin makarantar a zaɓi aji guda a ba kowa fom. To Hausawa sun riga sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. 'Yan aji ɗaya tare suke yawo, majalisa ɗaya, mai shago ɗaya suke sani, in biyu sun fara shan maganin tari mai kodin akwai yiwuwar na uku da na huɗu suna nan kusa. Yara 40 daga aji guda ba su kai yara 40 daga makarantu 40 ba wajen ba ka labarin gari, don amsoshinsu suna maimaita juna. Kwamfuta kuwa ba ta san wannan ba sai ka gaya mata. In ba ka gaya mata ba sai ta ɗauka shaidunka sun fi haka yawa, ta matse tazarar kuskure, ta ba ka p ƙasa da 0.05, wato alamar da ake ɗauka cewa sakamakon ba dace ba ne kawai, kai kuma ka hau murna wai ka gano alaƙa tsakanin zama da kishiyar uwa da shan taba, alhali da an yi lissafin yadda ya kamata ƙila ba komai a wurin. Shi ya sa a datar za ka ga layin gungu, psu ko v021, da layin rukuni, stratum ko v022, kamar a ce birni daban ƙauye daban a kowace jiha.

Weight Cases na SPSS kason kawai yake gyarawa, bai san gungu ba. Sai ka shiga sashen Complex Samples ka haɗa masa tsarin, kuma ba kowane SPSS ne ke zuwa da wannan sashen ba, lasisinsa daban IBM take sayarwa. Ni dai gaskiya a irin wannan aiki na fi son manhajar Stata, layi ɗaya ne, svyset, ka nuna mata gungu da nauyi da rukuni, daga nan duk umarnin da za ka bayar ka fara da svy: shikenan. Wanda ba shi da kuɗin lasisi ga manhajar R nan kyauta, akwai kunshin survey na Thomas Lumley, sai dai yana son haƙuri a makon farko. Epi Info na CDC ma kyauta ne kuma yana iya wannan lissafin, sai dai CDC ta daina kula da shi a 2025.

Akwai kuma ɗaya gefen, masu jin kalmar su ɗauka ado ce. Wani ya buga fom 150 ya raba wa yaran layinsu da na islamiyyar ƙaninsa a Anguwan Rogo, sannan ya zo wai in sa masa nauyi don aikin ya yi kyau. Daga ina zan samo shi? Nauyi yana fitowa ne daga sanin damar da kowane yaro yake da ita ta a zaɓe shi, kai kuwa wanda ka gani ka miƙa wa. Ka rubuta gaskiya kawai cewa waɗanda ka samu ne, kar ka ce matasan Jos ta Arewa gaba ɗaya.

Kuma ko nauyin na gaske ne, akwai abin da ba ya iyawa. Binciken makaranta irin YRBS ko GSHS na Hukumar Lafiya ta Duniya, 'yan makaranta kaɗai yake gani. Yaron gareji a Dilimi, mai tura baro a Taminus, yarinya mai tallan awara, almajiri, duk damar zaɓensu sifili ce, kuma sifili ko sau nawa ka ninka shi sifili ne. A Amurka wannan giɓin ƙarami ne, a wurinmu kuwa babba ne, kuma sau da yawa waɗanda ke waje su ne suka fi kusa da taramol da sholisho. Sai kuma ƙarya. Yarinya 'yar SS2 da malami ke tsaye a kanta tana cike fom, ka tambaye ta maganar saurayi, me kake tsammani za ta rubuta? Shi ya sa masu YRBS ba sa sa a rubuta suna a fom. In ta ɓoye, nauyi zai ɗauki wannan ɓoyon ne ya ninka shi sau 20.

Mun kai har bayan la'asar da ita, Nepa ta ɗauke sau biyu, muka koma Stata a kwamfutar shago tunda nata SPSS ɗin ba shi da sashen. Da muka sa gungu da rukuni, alaƙar karatu da haihuwar wuri tana nan daram, amma wata alaƙa guda da ta riga ta rubuta mata shafi biyu na bayani ta haye 0.05 ta fita. Ta yi shiru tana kallon allon, can ta ce "Yaya ba yadda za a yi a bar wancan na farkon?" Na ce a'a. Ta ja tsaki, ta buɗe babi na biyar ta fara gogewa.