Sarrafa Zirga-zirgar Motoci da Kwamfuta Hawa-hawa

Tsari ne da ake raba kula da danjojin gari da mashigan manyan hanyoyi zuwa hawa uku, kowane hawa da huruminsa. Birnin Toronto na Kanada ya fara haɗa danjojinsa da kwamfuta a 1963. Daga baya aka samu tsarin SCATS a birnin Sidni na Ostareliya, da SCOOT a Ingila.

Hawan ƙasa shi ne akwatin da ke gefen mahaɗa. Yana ƙirga motoci ta waya da aka naɗe a cikin kwalta, ko ta kyamara, kuma shi ke hana hannu biyu masu karo da juna samun kore lokaci ɗaya. Wannan hurumi ba a taɓa shi daga sama.

Hawan tsakiya ne ke riƙe jerin mahaɗu. Abu uku yake daidaitawa: tsawon zagayen fitila (lokacin da kore ke ɗauka kafin ya zagaya duk hannuwa), wanda galibi daƙiƙa 60 zuwa 120 ne, rabon kore tsakanin hannuwa, da tazarar kunnawa daga wannan danja zuwa ta gaba. A ce danjoji biyu a titin Ahmadu Bello da ke Kaduna suna da nisan mita 500, motoci na gudun kilomita 50 a awa. Sai a jinkirta koren ta biyu da daƙiƙa 36, direba ya tarar da ita a buɗe. In cunkoso ya rage gudun, wannan lissafi ya rushe, dole a sake shi nan take.

Cibiya, wato babbar kwamfutar da ke sa ido a kan dukkan tsarin, ita ce hawan sama. Amfaninta ya fi fitowa inda titi ya haɗu da babbar hanya: danjar mashiga tana sakin mota ɗaya ko biyu a kowane kore, dabarar da aka fara a birnin Cikago na Amurka a 1963. Babbar hanya takan samu sauƙi, amma layi ya koma baya ya toshe mahaɗar cikin gari. Cibiya ce kaɗai ke ganin ɓangarorin biyu.

Matsala takan taso daga ƙasa. Gyaran titi na yanke wayar kwalta, akwatin ya riƙa ba hannun da babu kowa kore. Wayar kan kasa jin babur. Ɗaukewar wuta na iya karkatar da agogon akwati. Shi ya sa ake sa masa batir da sola, a kuma ajiye masa jadawalin kansa da zai bi idan layin sadarwa ya katse.